Tsoho Mai 'Ya'ya Biyu

Ranar Alhamis Baba ya ɓata, ranar kasuwar Maigatari. Da hantsi Inna ta bar shi a zaure yana shan kunu, ta shiga ciki ɗauko masa hula. Kafin ta fito ya tafi. Kwanon yana nan da sauran kunu, sandarsa ce babu a bayan ƙofa. Daga baya wani mai shago a bakin titin Ɗanzomo ya ce ya ga an kama masa hannu ya hau bayan a-kori-kura tare da masu kai awaki kasuwa. Bai ga abin tambaya ba, tunda shekara da shekaru Ilu Mai Kora yana hawa motar Alhamis.

Sana'ar Baba ke nan kafin ƙarfinsa ya ƙare, koro shanun fatake a ƙasa daga cikin Nijar har karar Maigatari. Shekara biyu ke nan da gigin tsufa ya kama shi. Yakan manta ya ci abinci, yakan manta sunan garinmu, amma hanyoyin shanu suna nan a kansa, rijiya bayan rijiya. Shi ya sa babu wanda ya yi musu a gidan da ƙanena Zayyad ya ce arewa ya yi.

Tsakiyar damina ce, gero ya fi mutum tsawo. Zayyad ya tsallaka iyaka sau biyu a kan babur, ya dawo da ƙaya a ƙafar wando, babu labari. Ya ce mutum zai iya zama taku goma daga hanya ka wuce shi ba ka sani ba. An yi cigiya a masallatan Juma'a na Gumel da Sule Tankarkar, an kai gidan rediyo. Ƙanwarmu Lauratu ta zo daga gidan mijinta a Gagarawa da goyo, ta kwana biyu tana kuka, ta koma. Ni kuwa wata uku ke nan da gama karatun Fiziks a Kano, ina zaune ina jiran kiran bautar ƙasa. Abin da na iya a kwanakin nan shi ne shimfiɗa wa masu jaje tabarma, in koma bayan ƙofa.

A kwana na huɗu Zayyad ya ɗauke ni zuwa Maigatari wurin Kawu Sajo, ƙanen Baba, wanda ke yi wa manyan motoci lodi. Mun same shi a gindin wata tirela yana faɗa da direba kan buhunan kanwa. Na ba shi takardar cigiyar da na rubuta.

“Malama Naja'atu, wannan ai takardar jarrabawa ce,” in ji shi, yana jujjuya ta. “To, zan ba wani direba. Akwai wata 'yar tashar rediyo a can tsallake, ta mutanen karkara. Su kominike suke ce wa sanarwa. Akuya ta ɓata, kominike. Mutum ya ɓata, kominike. Daga la'asar zuwa magariba suke aiki, in rana ta faɗi batirinsu ya mutu.”

“Ana kama ta a nan?” na tambaya.

“Nan ma sai iska ta ga dama. Ku da ke Ɗanzomo ku manta kawai.” Ya soke takardar a aljihu. “Jiya ma wani direba ya ce ya ji sun yi cigiyar dangin wani tsoho da aka tsinta. Har gabana ya faɗi. Na ce me tsohon ya ce? Ya ce wai 'ya'yansa biyu, mace da namiji. Na ce to ba namu ba ne, namu uku gare shi.”

“A wane gari?” in ji Zayyad.

“Bai riƙe ba. Yana tuƙi, yana cin gyaɗa, kai ma ka san kan direba.”

Na lissafa mu a zuci, ni da Zayyad da Lauratu. Uku. A hanyar komawa na ce wa Zayyad kada mu gaya wa Inna, kada a ɗaga mata rai a banza. Ya ce haka ne.

Inna ba ta gaskata cewa an kai takardar ba. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauko ƙaramar rediyon Baba, ta zare eriyarta har ƙarshe, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ke fitowa daga arewa sai shuuu, kamar ana zuba gero a kwano. Wata rana ta ɗaga rediyon sama da kanta tana zagaya tsakar gida, har zanenta ya sassauta ba ta sani ba.

“Ke 'yar nan,” ta ce da ni, don Inna ba ta kiran sunana, “duk karatun da kika yi babu na jin magana daga nesa?”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na shiga ɗaki na buɗe jakar littattafaina. A shekara ta uku an koya mana eriya, na ci jarrabawar, ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Na nemi tashar a intanet, ba ta nan. Na kira Kawu Sajo ya tambayo mini lambar da ake kama ta, ya ce wajen casa'in da takwas. Daga wannan lambar na fitar da tsawon ƙarfen da nake bukata.

Washegari na shiga mota zuwa Gumel, wurin Malam Cindo mai gyaran rediyo a bayan tasha. Na daɗe a tsaye a ƙofar shagon kafin ya ɗago, don sallamata ba ta fita sosai ba.

“Hajiya, waya ce ta lalace?”

“Tsohuwar eriyar talbijin nake nema. Ta alminiyam. Da wayar dish kamar taku ashirin.”

“Mijinki ne ya aiko ki?”

“Ni zan haɗa.”

Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya dubi takardar da na miƙa masa. Ya daɗe yana bin zanen da yatsa.

“Uku za ki jera? Dogo a baya, gajere a gaba?”

“E. Na tsakiyar a raba shi biyu.”

“Wa ya ɓata?” in ji shi. Ban san yadda aka yi ya gane ba. Na gaya masa. Ya shiga bayan shago ya yi ta jan tarkace, ya fito da eriya biyu da suka lanƙwashe, tsatsa ta ci kusoshinsu. Ya haɗa mini da waya da ɗan gam na baƙin roba. Kuɗin wayar kaɗai ya karɓa.

“Ki nisanta ta da rufin kwano,” ya ce. “In kin ga hadari kuma ki cire wayar daga rediyo, kada a nemi mutum ɗaya a rasa biyu.”

A tsakar gida na yi aikin, Inna tana kallo daga bakin murhu. Na miƙar da ƙarafan eriyoyin da bayan taɓarya a kan turmi. Babu wanda ya kai tsawon da nake so, sai na riƙa zura siriri a cikin mai kauri, in matse mahaɗin da filaya. Abin awo kuwa sai tef ɗin ɗinkin da Lauratu ta bari. Na baya ya cinye tef ɗin duka, inci sittin. Na tsakiya hannu biyu ne, kowane inci ashirin da takwas da rabi, da ɗan tazara tsakaninsu. Na gaba inci hamsin da huɗu. Na rasa icen da zan jera su a kai, sai Inna ta tashi ta shiga rumbu ta fito da ƙotar doguwar hauyar Baba, wadda hannunsa ya goge har tana sheƙi. Na huda ta da jan ƙusa, na ɗaure ƙarafan da robar tayar keke. Na fere wayar, na ɗaura cibiyarta a hannu ɗaya, ragar da ke kewaye da ita a ɗaya hannun. Ɗaya ƙarshen na naɗe shi a eriyar rediyon.

Zayyad ya dawo daga nema ya tarar da ita a jingine da bango.

“Yaya, wannan tsanin kaji ne ko tarkon jirgin sama?”

“Gora nake so, mai tsawo. Kuma kai za ka hau.”

Ya samo gora a gidan maƙwabta. Kafin ya taka tsani ya tsaya ya ɗaga murya kamar yadda ake yi, “Za a hau sama, a kintsa.” Muka ji matan maƙwabta suna tattara kwanuka suna shigewa ɗaki. Ya ɗaure gorar a jikin ɗakin Inna, mai rufin kwano, don shi ya fi tsawo. Ranar ba mu ji komai ba sai ƙarar nan, da wata tashar Kano da ta shigo da ƙarfi tana tallar maganin basir. Inna ta zauna har aka kira magariba, sannan ta tashi ta yi alwala.

Kwana na tara ke nan. Na kasa cin tuwo. Da safe na fita na tsaya daga nesa na dubi abin da kyau, sai na ga kuskure biyu. Na manta gargaɗin Malam Cindo, eriyar tana zaune kusan a kan kwanon. Sannan Zayyad ya juya dogon ƙarfen ne zuwa arewa.

“Ai babban shi zai fi kamowa,” ya ce.

“Gajeren ne gaba. Babban tarewa yake yi daga baya.”

“To ai sai ki faɗa. Ke komai sai a cikinki.”

Gaskiyarsa ce. Ina ganinsa yana ɗaurawa jiya, na ga kamar ba daidai ba, amma maƙwabta suna jinmu, na kasa ɗaga murya.

Muka mayar da gorar jikin soron zaure, wanda rufinsa na ƙasa ne. Sai dai ranar hadari ya haɗo tun azahar. Na cire wayar, muka zauna a ɗaki muna jin ruwa yana dukan kwano har lokacin tashar ya wuce. Inna ta ce, “Ko yana da abin rufa.” Ba da kowa take ba.

A kwana na goma sha ɗaya gari ya washe. Bayan la'asar Zayyad ya sake neman izinin hawa, ya tsaya a kan soro ya riƙe gorar. Ni ina ƙasa da rediyo a cinya, Inna a gefena a kan tabarma.

“Juya hagu,” na ce. “A hankali.”

“Ba na jinki.”

“Hagu,” na faɗa da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Wata mata a gidan maƙwabta ta yi dariya.

Ƙarar ta fara raguwa. Can ƙarƙashinta sai ga kiɗan gurmi, siriri kamar zare. Ya ɓace, ya dawo.

“Koma kaɗan. Tsaya nan. Kada ka motsa.”

Muryar namiji ce, da irin Hausar Damagaram, yana gaida masu saurare gari bayan gari. Mun jira ya gama gaisuwa, ya karanta farashin hatsi, ya sa waƙa. Zayyad yana ta cewa hannunsa ya gaji. Sai mutumin ya ce ga kominike. Raƙumi ya ɓata mai tabo a wuya. Wata mata ta yar da katin asibiti a kasuwa. Ana kiran iyayen yara taro a lakwal, wato makaranta. Ina jiran in ji sunan Baba daga takardata, ban ji ba. Har yau ban san ko ta isa ba.

“Sai kuma maigarin Rijiyar Bilal,” in ji muryar, “yana sake cigiyar dangin dattijon nan da ke hannunsa yau kwana tara. Dogo ne, baƙi, yana da sanda. Bai san garinsu ba. An tambaye shi iyali, ya ce 'ya'yansa biyu.”

“Wannan ne Kawu ya faɗa,” Zayyad ya ce daga sama. “Ba shi ba ne.”

Inna ta ɗaga masa hannu. Muryar ta nutse cikin ƙara, ta sake fitowa.

“...mace da namiji. Jikinsa babu ƙarfi, ba ya cin abinci sosai. Wanda ya san shi ya hanzarta.”

“Shi ne,” in ji Inna.

“Inna, biyu fa aka ce.”

“Na ji. Da uku aka ce da ban tashi ba.” Ta riga ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. Ta dubi Zayyad a kan soro, ba ta dube ni ba. “Kai, tun da kake ka taɓa jin ya lissafa da ta fari? Ko mai unguwa ne ya zo ƙidaya, biyu yake cewa, sai in an matsa ya ce da wata. Ni ma haka nake cewa.” Sai ta tsaya. “Wane Kawun ne ya faɗi me?”

Zayyad ya sauko daga soro. Ni na gaya mata, kaina a ƙasa, cewa tun kwana na huɗu muka ji labarin, kuma ni na ce a ɓoye mata.

Na san kunyar ɗan fari, a cikinta na tashi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Ranar da na samu gurbin jami'a Zayyad Baba ya aiko ya gaya mini ya ji, Allah ya sa albarka. Duk na san wannan. Amma da aka ce biyu, sai na lissafa kamar yadda ake cike fom, na sa kaina a ciki.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Kwana bakwai,” ta shiga ɗaki ta fara haɗa masa kaya, riga da hula da bargo.

Da sassafe muka kama hanya, ni da Zayyad a babur ɗaya, Kawu Sajo a wani tare da mutumin da ya san ƙauyen. Inna ta ce in je, wai mace ta fi iya ba mara lafiya abinci. A bakin iyaka Kawu ya yi magana da jami'ai da jandarmomi, ya nuna hoton Baba a waya, aka bar mu. Daga nan yashi ne da gero, babur yana nutsewa muna sauka muna turawa. Kawu bai yi wasa ko sau ɗaya ba. Wuri ɗaya da muka tsaya shan ruwa ya ce, “Yayana ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ma ban taɓa jin ya ce uku ba.”

Mun isa Rijiyar Bilal rana ta take. Maigarin dattijo ne mai farin gemu. Ya ce a bakin tsohuwar rijiyar shanu aka samu Baba zaune, yana jiran garken da ya ce yana tafe a baya.

“Kwanakin farko yana cin tuwo, har yana ba mu labarin fatake,” in ji maigari. “Da kun zo a lokacin, da ƙafarsa zai bi ku. Ruwan shekaranjiya ne ya same shi a waje, ya fita duba shanu. Tun daga nan sai tari. Mun kai shi wurin likita a amalanke, an yi masa allura.”

Baba yana kwance a zaure a kan tabarma, an rufa masa buhu a ƙafa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Numfashinsa yana fita da ƙara. Sandar tana gefensa, hannunsa a kanta.

Zayyad ya durƙusa. “Baba.”

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonsa. “Zayyadu. Ka shayar da su?”

“Na shayar, Baba.”

“Sajo, kai ma ka zo? Wa ka bar wa lodi?”

Kawu ya juya baya yana share fuska da hula. Na matso da kwanon furar da matar maigari ta dama, na durƙusa daga gefen ƙafarsa, na ce, “Baba, sannu.” Idonsa ya sauka a kaina. Bai daɗe ba ya kawar da fuska zuwa bango.

“Wannan fa?” in ji maigari. “Ita ce macen da ya faɗa?”

“A'a, waccan tana Gagarawa,” Kawu ya ce. “Wannan ita ce ta fari.”

Maigari ya gyaɗa kai a hankali. “Ai shi ke nan. Da na sani da na sa an ce uku.”

Na miƙa ludayin. Baba bai juyo ba. Haka yake kawar da kai in na shigo wuri tun ina yarinya, haka kuma na ga yana yi wa baƙin da bai sani ba tun da ciwon ya kama shi. Na duba fuskarsa ta gefe ko zan gane wanne ne, ban gane ba. Na ba Zayyad kwanon. Daga hannunsa ya sha ludayi uku, na huɗu ya dawo da tari.

Babur ba zai ɗauke shi ba. Maigari ya sa aka ɗaura wa shanu amalanke, za a kai mu inda mota ke iya zuwa, Kawu kuma ya yi gaba don ya samo wadda za ta wuce da mu asibitin Gumel kai tsaye. Muka shimfiɗa bargon da Inna ta bayar, muka kwantar da shi. Zayyad ya zauna wajen kansa. Ni na zauna a baya, inda ba zai gan ni ba, na riƙe masa ƙafafu don kada girgiza ta dame shi. Sun yi zafi kamar an ɗauko su daga murhu.

Wajen rabin hanya waya ta kama. Na kira Inna na ce mun same shi.

“Yana magana?”

“Yana yi. Ya kira Zayyad, ya kira Kawu.”

Ina jin rediyon a kusa da ita tana shuuu, ko da yake lokacin tashar bai yi ba.

“Ke fa?”

“Ya juya mini baya.”

“To,” in ji Inna. “Ku yi sauri.”

Mai amalanken ya daki shanun, ba su ƙara sauri ba. Daga gabas hadari ya fara haɗowa. Na cire mayafina na sama na ninka shi biyu, na rufa wa Baba a ƙirji.